Dodon Firji da 'Yan Ba-Komai

Duk wanda ya san Mai Firji ya san kalma biyu ce jarinsa a duniya: ba komai. Idan wuta ta ja shi har gashin hannunsa ya babbake, ka ce masa sannu, sai ya ce ba komai. Ranar da ya faɗo daga kan tsani wajen ɗaura iyakwandishan a wani ofis, aka ɗauko shi kamar buhu, ido ɗaya a kumbure, da ɗayan ya dubi matarsa ya ce mata ba komai. Tarin nan da ya daɗe yana fama da shi, mai tashinsa da asuba har ya dafa bango, shi ma sunansa ba komai. Matar kuwa, wadda duk layin ke kira Umma, ba ta bar masa kalmar shi kaɗai ba. Sai dai tata ba-komai ɗin da ɗaurarriyar fuska take zuwa, kuma idan ta faɗe ta, tukwanen gidan ne ke ji a jikinsu.

Shagonsa yana ƙasan benen da suke zaune, dogo ne mara faɗi, kamar lungu aka yi wa rufi. Hagu da dama firji ne a jere, da waɗanda aka gyara da waɗanda masu su suka manta da su, wani ba ƙofa, wani an ɗaure masa ƙofar da igiya. Can ƙurya akwai teburin aiki, da tukunyar gas, da gwangwanin madara cike da kusoshi, da wata kujerar roba da ƙafarta ɗaya ta tsage, wadda ba mai zama a kanta sai Kawu.

Kawu yayan Umma ne. Aikin gadi ya yi a wani kamfani har ya yi ritaya, daga nan ya mai da shagon mijin ƙanwarsa ofishinsa. Labari ɗaya gare shi, na ɓarayin da ya taɓa kora shi kaɗai da sanda. Lokacin da ya fara ba da labarin su biyu ne, amma zuwa bana sun cika mota.

Sai Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ta gama karatu tana jiran aiki. Ita kullum idonta na kan waya, tana karanta labaran nan na jarumai masu takubba da macizai masu fukafukai. Ba ta karatu a shiru. Kana zaune sai ka ji ta ja tsaki: "Ji wannan sakarai, ya tsaya yana kallo! Da ni ce, da tuni na sare kansa." A gidan har an daina kiranta Auta wani lokaci, sai a ce ina Da-Ni-Ce?

To, ranar da abin ya faru, da hantsi wasu mutane suka sauke wata tsohuwar firiza a ƙofar shagon, irin doguwar nan mai murfi a sama. Suka ce mai ita ya ce sanyinta ya yi yawa, ko an cire ta daga wuta ba ta hucewa. Ko ruwa ba su tsaya sha ba, suka ja motarsu. Mai Firji ya yi dariya har da tari, ya ce shi tun da yake sana'ar nan bai taɓa jin wanda ya kawo ƙarar firiza don ta yi sanyi ba. Shi da Kawu suka tura ta ciki, ko in ce shi ya tura, Kawu ya nuna hanya.

Da rana ta take, Umma ta sauko da abinci a kula, Auta na biye da ita da faranti a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Daidai lokacin ne Mai Firji ya ɗaga murfin firizar. Ya leƙa ciki. Ya mai da murfin a hankali ya rufe, kamar wanda ya buɗe ɗaki ya tarar ana canza kaya. Sai ya tsaya yana goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya taɓa.

"Mene ne?" in ji Umma.

"Ba komai."

Murfin ya ɗaga da kansa.

Abin da ya fito, dodo zan ce da shi, don ban san wani sunan da zai dace ba. Fari ne fat kamar ƙanƙarar da ke taruwa a bangon firiza, dogo har sai da ya sunkuya saboda fanka. Idanunsa na ci kamar ɗan ƙwan fitilar cikin firji. Ya hura iska sau ɗaya, ƙofar ƙarfen shagon ta zubo ƙasa garam, ƙanƙara ta liƙe ta da daɓe.

A labaran Auta, a daidai nan ne ake ƙwalla ƙara, jarumi ya yi tsalle ya zare takobi, ya faɗi wata magana mai daɗi da za a daɗe ana tunawa. A shagon Mai Firji kuwa shiru aka yi, har ana jin fankar na juyawa. Sannan wata murya ta fito daga kujerar roba.

"Sannu da zuwa," in ji Kawu. Shi kansa bai san ya faɗa ba.

Dodon ya dube shi, ya dubi sauran, kamar yana jiran wani abu. Da ya ga ba abin da ke tafe, sai ya yi gyaran murya. Muryar irin gurnanin tsohon inji ce.

"Yunwa nake ji," ya ce. "Abincina tsoro ne. Ba na cin nama, ba na shan jini, duk sharri ake yi mini. Mutum ɗaya a cikinku ya fito da tsoronsa ta baki, na gaskiya, in ci in ƙoshi in kama gabana. Amma ku yi sauri, saboda wancan."

Ya nuna ƙafafun Mai Firji. Ƙanƙara ta riga ta haɗe takalmansa da ƙasa, ta kai idon sawu.

"Shi ya buɗe ni, shi sanyina ya kama. Duk tsoron da aka haɗiye a ɗakin nan, ƙanƙara yake zama a jikinsa. In ta kai hanci, shi ke nan. Ba ni nake yi ba, haka abin yake."

"Baba!" in ji Auta.

"Ba komai, 'yar Baba," in ji Mai Firji.

Ƙas! Ƙanƙarar ta yi tsalle ta kama shi har ƙauri.

"Wannan kalmar," in ji dodon, "kada a sake faɗarta."

Auta ta ajiye farantin. Wannan ai fagenta ne, shekara nawa tana shiri. Ta ce bari ta fara kiran taimako. Ta ɗaga wayar, sai lambobin buɗe ta suka ɓace mata. Wayar da take buɗewa ko ido a rufe, ko tana cin abinci, ko ana yi mata faɗa. Ta danna wasu, ba su ba ne. Ta danna ranar haihuwarta, ba ita ba ce. Ta ci gaba da dannawa har wayar ta yi fushi ta kulle kanta.

"To ai mai sauƙi ne," ta ce. Ta gyara tsayuwa, ta dafa ƙirji kamar yadda ake yi a labarai. "Ya kai dodo, ina jin tsoro!"

Dodon ya buɗe baki ya cafe maganar a iska. Ya tauna, ya tauna, ya tofar.

"Ɓawo ne. Ba ƙwaya a ciki."

"Wallahi da gaske nake!"

"Karantowa kika yi, yarinya."

Kuma gaskiyarsa. Auta ta laluba cikinta ta rasa tsoron. Ba abin da take ji. Gani take kamar ta bayan gilashi take kallon shagon, kamar uban wata ne ke daskarewa. Abin da idonta ke gani tar shi ne kalandar bango ta karkace, kuma akwai wata tsohuwar ledar kifi manne a kafaɗar dodon, tana lilo duk lokacin da ya motsa. Ta kalli ledar. Shaƙuwa ta kama ta. Sai dariya ta biyo baya, irin wadda ba ta da birki.

"Ubanki na daskarewa kina dariya?" in ji Umma.

"Umma, wallahi ba ni ba ce, hik, ledar ce, ki dubi ledar!"

Dodon ya waiga kafaɗarsa, ya cire ledar da yatsa biyu, ya jefar. Da alama abin bai yi masa daɗi ba. Ya juya wajen Kawu yana shinshina.

"Kai fa, dattijo? Ƙamshinka ya fi na kowa tashi."

"Ni?" in ji Kawu, ya waiga wajen Mai Firji. "Ni da na kori ɓarayi cike da mota? Injiniya, gaya masa ko ni wane ne."

Ƙas! Ƙanƙara ta kai gwiwar Mai Firji.

Kawu ya yunƙura zai miƙe don a ga tsayinsa, ƙafafu suka ce ba da su ba. Ya sake yunƙurawa, suka yi kamar na wani ne aka ba shi ajiya. Hannunsa kuwa bai jira umarnin kowa ba. Tuni ya jawo kular abincin, ya buɗe, yana kai loma baki ɗaya bayan ɗaya, idonsa kafe a kan dodon.

"Yaya, abincin Baban Auta ne fa!"

"Ina sane," in ji Kawu, ya ƙara loma.

"To ajiye girman kan nan ka ce masa kana jin tsoro. Kowa na ganin gwiwarka na kaɗawa."

Kawu ya dubi mijin ƙanwarsa, mutumin da ya daɗe yana sauraron labarin ɓarayi bai taɓa cewa jiya ba haka ka faɗa ba. Wallahi ya so ya faɗa. Ya haɗiye lomar, ya buɗe baki, ya tattaro duk ƙarfinsa. Abin da ya fito wani ɗan fito ne siriri, kamar na butar shayi. Murya ta bi ƙafafu.

"Ba a cin iska," in ji dodon.

Shi kuwa mai daskarewar, kun san abin da yake yi? Ya miƙa wuya yana duba bakin firizar, yana shafa robar murfin da yatsa.

"Ka ce tun yaushe kake ciki?" ya tambayi dodon. "Robar nan ce ta narke ta manne, shi ya sa ka kasa fitowa. Wanda ya yi gyaran baya bai san aiki ba. Auta, miƙo mini sukudireba mai jan hannu."

Auta ta miƙa masa filaya tana shaƙuwa. Ya karɓa, ya shiga ƙwanƙwasar ƙanƙarar gwiwarsa da ita. Ko gezau.

"Bawan Allah," in ji dodon, "ka gane kai ne za ka mutu?"

"Na ji ka."

"To? Kai ka fi kowa dalili. Faɗi abin da ke cikinka mu rabu lafiya."

Mai Firji ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa. Zuciyarsa na dukan haƙarƙari kamar mai neman hanyar fita. Amma a ganinsa, in shi da ake jingina da shi ya ce yana tsoro, su kuma su jingina da wa? Ya yi murmushi da leɓɓan da suka fara canza launi.

"Ku kwantar da hankalinku. Ai ba..."

"Kada ka ƙarasa!" in ji Auta da dodon a tare.

Bai ƙarasa da baki ba, amma ya ƙarasa a zuci. Ƙanƙara ta kai ƙugu.

Duk wannan abin da ake yi, Umma shara take. Tun sa'ad da dodon ya gama bayani ta ɗauki tsintsiya daga bayan ƙofa ta duƙa. Ta share ƙarƙashin tebur, ta share tsakanin firji da firji, ta fito da ƙurar da ta girmi Auta. Da ta iso inda dodon yake tsaye ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ɗaga ƙafarka."

Dodon ya ɗaga.

Ta jona butar lantarki, ta tafasa ruwa, ta kwarara a ƙafafun mijinta. Ruwan bai kai ƙasa ba ya daskare, ya ƙara wa abin kauri. Ta dangwarar da butar, ta koma kan tsintsiya, bakinta kuma ya buɗe.

"Sau nawa na ce ka daina karɓar kayan da ba ka san masu su ba? Kowa ya kwaso tarkacensa sai shagonka. Mutane sun sauke abu sun gudu ko ruwa ba su sha ba, kai ko a jikinka! Ke kuma rufe mini baki, ko in rufe miki. Karatun dodanni dare da rana, ga dodo ya zo, me kika tsinana? Yaya, in ka gama ka lashe kular, kada ka bar mini wanki. Kai kuma," ta nuna dodon da tsintsiya, "ƙato da kai, ka rasa inda za ka yi bara sai wurin mai tari?"

Dodon ya lashi iskar da maganganun suka bi, ya yamutsa fuska, idanunsa suka kawo ruwa.

"Wannan yaji ne zalla, ba abinci ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa, baiwar Allah. Abu mai nauyi. Ina jin ƙamshinsa."

"Ba abin da ke ƙarƙashinsa. Ni ina na ga lokacin tsoro? Wa zai yi mini aikin?"

Ƙas! Har ƙirji.

Nan fa dodon ya zauna a bakin firizar, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce shi ya shiga fadoji, ya shiga koguna, ya tare mayaƙa a kan gada. Ko'ina ya je, ko dai a yi ihu ko a zare takobi, kuma duka biyun yana samun na kaiwa baki, don mai takobin ma ihu yake yi, salo kawai ya canza. Bai taɓa shiga inda ɗaya ke dariya, ɗaya na ci, ɗaya na shara, wanda zai mutu kuma yana duba roba ba.

"Ɗakin nan cike yake da abinci," ya ce. "Ko'ina ƙamshi. Amma kowa ya danne murfin tukunyarsa ya zauna a kai. Wane irin mutane ne ku?"

Hannun Kawu, wanda har yanzu ke aiki da kansa, ya miƙa masa kular. Dodon ya girgiza kai.

Sai tarin ya zo.

Ya taso wa Mai Firji daga can ƙasa kamar kullum, amma ƙanƙara ta ɗaure ƙirjin, ba wurin da zai buɗe. Ya fito guntu-guntu, da wani ɗan kuka a ƙarshensa, kamar ana jan ƙofa mai tsatsa. Tsintsiyar Umma ta tsaya. Ta san wannan ƙarar. Ita ce take ji kowace asuba, fuskarta na kallon bango, idonta a rufe kamar mai barci.

Ƙanƙarar ta haura kafaɗa, ta zagaye wuya. Auta ta daina dariya, shaƙuwar kawai ta rage. Mai Firji ya ga abin ya zo, sai ya shiga sallama irin tasa.

"Umman Auta," ya ce, haƙoransa na haɗuwa. "Mukullin ɗakin ajiya yana cikin gwangwanin kusoshi. Firjin mai kantin magani na gama shi, in ya zo a ba shi, a ce kada ya jona sai ya huta. Tukunyar gas ɗin can kada a bar ta a rana." Ƙanƙara ta taɓa haɓarsa. Ya dube ta da idon nan da ya dube ta da shi ranar tsani. "Kada ki sa wa ranki damuwa. Ba ko..."

Tsintsiya ta faɗi. Kafin ya kai ƙarshen kalmar tafin hannunta na kan bakinsa.

"Akwai komai!"

Ta faɗe ta da ƙarfin da sai da kusoshi suka yi ƙara a gwangwani.

"Akwai komai, Baban Auta! Komai da komai akwai! Tarin nan naka, kana tsammani barci nake? Idona biyu! Ina kwance ina sauraro, ba na numfashi sai na ji ka dawo ka kwanta. Duk ranar da ka saɓi tsanin nan ka fita, ruwa ba ya wuce mini maƙogwaro sai na ji ƙarar ƙofar shago. Ranar da aka kawo ka kamar buhu kana ce mini ba komai, banɗaki na shiga na kunna famfo don kada yara su ji ni. Tsoro nake ji! Tsoro nake ji ka riga ni tafiya, ka bar ni da matattun firji da Yaya!"

"Ni kuma me na yi?" in ji Kawu. Murya ta dawo.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ba ta kuma kalli dodon ba, wanda ya miƙe tsaye, baki buɗe, yana haɗiya kamar wanda aka tara wa famfo.

"Ina tsoron ranar da zan zuba abinci faranti biyu in tuna. Ina tsoron gefen gadon nan naka da ya lotsa. Ina tsoron in ji abin dariya a layi in hau bene da sauri in rasa wanda zan gaya wa. Wa zan yi wa faɗa? Wa zai riƙa ce mini ba komai ina jin kamar in shaƙe shi? Tun ranar da aka kawo ni gidanka na ga ka kama wayar lantarki da hannu tsirara nake jin tsoro, ban huta ba ko yini ɗaya, kai kuma kana yawo kana murmushi kamar an ba ka takardar cewa ba za ka mutu ba!"

Wani abu ya ce ƙaras. Tsaga ta bi ƙanƙarar daga wuya har ciki.

"Ya isa," in ji dodon. Cikinsa ya yi tulu, ya dafa bango. "Baiwar Allah, na ƙoshi."

"Kai yi mini shiru, ban gama ba."

Kuma ba ta gama ɗin ba. Tsoro ne na shekara da shekaru, an adana shi wuri mai sanyi, ko ɗan lalacewa bai yi ba. Ta fito da na tukunyar gas, da na babur ɗin da yake hawa ba hula, da na yarinyar nan da ke zaune ba aiki, da na wani ƙullutu da ta taɓa ji a wuyansa wanda ashe cizon sauro ne. Dodon ya roƙe ta, ya toshe baki, abin ya riƙa shiga ta hanci. Daga ƙarshe ya yi wata gyatsa da ta kaɗa fanka, ya rarrafa ya faɗa cikin firizar, ya jawo murfin da hannunsa ya rufe. Ba a sake jin motsinsa ba. Da aka buɗe daga baya, ruwa ne kawai a ciki, mai ɗumi.

Ƙanƙarar jikin Mai Firji ta zube gaba ɗaya kamar an fasa tulu. Ya sulale ya zauna a cikin ruwan, yana numfashi, hannun matarsa har yanzu a bakinsa. Sai da ya ɗan taɓa shi sannan ta tuna ta janye.

A labaran Auta, a nan ake rungume juna, a yi kuka mai kyau, rana ta faɗi. A shagon Mai Firji, a nan ne tsoron Auta ya iso, a makare kamar motar haya. Ta durƙushe ta ƙanƙame wuyan ubanta tana kuka da majina. Lambobin wayar ma suka dawo mata, tana kuka tana faɗarsu.

"Sai yanzu?" in ji Umma. "Da mai ci ya tafi kika sauke tukunya?"

Kawu kuwa ƙafafunsa suka dawo aiki. Ya zabura ya suri sifana mafi girma a tebur, ya tsaya tsakiyar shago. "Ina yake? Ku sake ni! Ina yake?" Ba wanda ya riƙe shi. Ya yi taku biyu wajen firizar, ya ga tsohuwar ledar kifin nan a ƙasa, sai ya tafi luu, ya sume a kan kujerarsa, ƙafar da ta tsage ta ƙarasa karyewa.

Mai Firji ya ce shi dai yunwa yake ji. Aka duba kula, an lashe ta tas.

Umma ta ɗauki tsintsiyarta, ta ɗaure fuska tamau, ta shiga kore ruwa waje. Ana haka aka buga ƙofar ƙarfen, aka ɗaga ta daga waje. Mai aski ne na shagon kusa, almakashi a hannu, yana tsallake ruwan da ya malalo har bakin titi.

"Lafiya, ƙofa a rufe da rana tsaka? Na ji kamar ana faɗa. Kai, Kawu me ya same shi?"

"Ba komai," in ji su ukun a tare. Kawu ma, daga inda yake kwance, ya ɗaga hannu alamar haka ne.

Bayan wannan rana abubuwa ba su canza sosai ba, kada in yi muku ƙarya. Auta na nan da karatunta, sai dai yanzu idan jarumi ya ga dodo ya zare takobi nan take yana zuba magana, ita ce ke jan tsaki ta ce wannan marubucin bai taɓa ganin ko ɓera ba. Kawu ya samu sabon labari, kuma a cikinsa shi ya ci abincin da gangan don ya nuna wa dodon bai ɗauke shi bakin komai ba.

Amma washegarin ranar, da safe, Umma na wanke kofunan shayi sai ta ji mijinta tsaye a bayanta. Ya daɗe yana gyara wuyan riga.

"Umman Auta, maganar nan da kika yi jiya..."

"Wace magana? Dabara na yi wa dodo. Ai dole a ba shi wani abu ya tafi."

"Ya ce na gaskiya kawai yake ci."

"To dodo za ka yarda da shi ko ni?"

Ta waigo don ta ƙara masa, sai ta ga ba kayan aiki ne a jikinsa ba. Rigar fita ce, wadda ta goge ta ajiye tun bara, kuma ba jakar kayan gyara a kafaɗarsa.

"Ina kuma za ka?"

"Asibiti. Tarin nan." Ya dubi silin, ya dubi ƙasa, ya dubi kofunan. Sai da ya yi tari sannan maganar ta fito. "Ko za ki raka ni? Kin san za su ce sai sun ɗebi jini. Ni kuma allurar nan... tsoronta nake ji."

Umma ta kashe famfo. Ta goge hannu a zaninta a hankali, ta ɗauko jakarta daga bayan ƙofa, inda take rataye tun asuba da katin asibitinsa a ciki.

"Ba komai," ta ce. "Mu je."